Shiga ƙungiyar ACRL daga wajen Amurka

Kana tambaya ko ma'aikacin laburaren jami'a da ba a Amurka yake ba zai iya shiga ACRL, wato ƙungiyar laburaren kwalejoji da cibiyoyin bincike ta Amurka. Zai iya, amma sai ya fara zama mamban ALA, wato babbar ƙungiyar laburare ta Amurka, domin ACRL reshenta ne tun 1940. Ita ALA an kafa ta a 1876, ofishinsu na Shikago. Aikin ACRL haɗa kan ma'aikatan laburaren jami'o'i da kwalejoji da cibiyoyin bincike, da tsara musu ƙa'idojin aiki.

Sai dai kuɗi biyu za ka riƙa biya duk shekara, na uwar ƙungiya da na reshe. In karatu kawai kake nema, mujallarsu College & Research Libraries kyauta ce a intanet. A ganina, ribar shiga tana ga mai son zama a kwamiti ko halartar babban taronsu da ake yi duk bayan shekara biyu.