Hayar lasisi da na yi a shekarar ƙwallo

Ka ce wani mai kulob a Osu, nan cikin Accra, ya nemi ka kawo masa yara shida su tsare ƙofa a watan Disamba, kana tambaya ko sai da lasisi tunda kai ba kamfani ba ne. Zauna tukuna, ɗana, ka ajiye wayar nan. Ba don ka fama mini tsohon miki ba, da sai in ce ka je ka tambayi 'yan macho, abokan ɗaga ƙarfenka na Mamobi.

Ranar da ka tara mutane, ka sa musu riga iri ɗaya, ka karɓi kuɗi da sunan tsaro, to ka zama kamfani ko kana so ko ba ka so. Dokar kamfanonin tsaro tana nan tun 1992, ita ce LI 1571. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke ba da lasisin, kuma duk shekara ake sabunta shi. Yadda ake rajista da cike takardu kuwa, ko mai koko a bakin titin Nima za ta nuna maka hanya, ba zan ɓata yawuna ba.

A ƙarshen 2007, shekarar da aka cire wa kuɗinmu sidi sifiri huɗu, Ghana na shirin karɓar gasar cin kofin Afirka. Kowane otal a Accra neman masu gadi yake. Wani mai otal da ke da mashaya a ƙasa ya ba ni aikin wata uku, yara goma sha biyu. A lokacin na daɗe ina tsayuwa a ƙofofin mutane, kuma kwalba ba ta taɓa fashewa a kan kowa ba a ƙofar da nake. Da murya nake fitar da maye, ba da hannu ba. Lasisi ne kawai ba ni da shi. Sai na je wajen wani mai kamfani ya ba ni kwafin nasa, a kan zan riƙa yaga masa kashi ɗaya cikin goma. Mai otal ya san da haka sarai. Dariya ya yi, ya dafa kafaɗata ya ce, “Malam, fuskarka ta ishe ni takarda.” Ya ba ni kuɗin rabin wata, saura sai an gama gasa.

Daren 7 ga Fabrairun 2008 Kamaru ta fitar da Black Stars, ƙungiyar Ghana, da ci ɗaya mai ban haushi, a nan Accra. Gari ya yi tsit, ran kowa a ɓace. Can sai ga wasu baƙi sun shigo da tutarsu suna rawa, wani ɗan gari ya watsa musu giya. A cikin yarana akwai ƙanin wani maƙwabcina, faɗin ƙirjinsa na gani na ɗauke shi, ban tura shi hedkwatar CID, sashen binciken laifuka na 'yan sanda, ya dangwala yatsa a duba tarihinsa ba. Kafin in ƙaraso ya zare bel ya fasa wa mutum baki. Haƙora biyu a kan tayil, ina ganinsu har yau. Ga shi ya cire wandon aiki ya zura wani irin na soja da ya sayo a kasuwar Kantamanto.

Da 'yan sanda suka zo, sufeton bai tambayi wa ya fara ba. Takarda ya ce in kawo. Na miƙa kwafina ina hura hanci. Ya haska tocila, ya sa farce a kan kwanan wata, ashe an goge lamba an sake rubutawa, lasisin ya daɗe da mutuwa. Aka kira mai kamfanin, ya rantse bai taɓa ganina ba. Yaron kuwa, da aka bincika, ya taɓa zaman gidan yarin Nsawam. Kwana biyu na yi a bayan kanta, ni da ban taɓa marin kowa ba.

Wannan duk da sauƙi. Da na koma karɓar cikon kuɗina, mai otal ya bar ni tsaye a gaban kanta fiye da awa guda, sannan ya turo akawunsa. Ya buɗe yarjejeniya ya ce, “Da kamfani muka yi, kamfani ya ce bai san ka ba. Wa za mu biya?” Lauyan da na gani ya ce in na je kotu kaina zan kai ƙara. Yara goma sha biyu kuma kullum suna ƙofar gidana, wasu da matansu. Babur ɗina ya tafi, filin da na saya a Kasoa ya bi shi. Yau wurin benaye ne. Duk ranar da trotro, motar haya, ya bi da ni ta nan, kau da kai nake yi.

Ku yaran yanzu kun ɗauka aikin nan damtse ne da baƙar riga da baƙin tabarau da tsakar dare, a ɗauke ku hoto a sa a TikTok. Ka san rigar ma sai da amincewar Sufeto Janar na 'yan sanda? Bindiga kuwa kada ma ka yi mafarkinta, doka ta hana mai gadin kamfani riƙe ta a bakin aiki. In ka kama ɓarawon waya, riƙe shi za ka yi ka miƙa wa 'yan sanda, ba ka ja shi bayan janareta ba. Sannan tun rikicin da aka yi a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Ayawaso West Wuogon aka yi dokar hana 'yan banga a 2019. Tara ƙarti babu takarda, gobe wani ɗan siyasa ko mai rikicin fili ya ari biyu daga ciki, ka ga inda za ka kwana.

Ka shiga ƙarƙashin kamfani mai lasisi a matsayin ma'aikaci, sunanka da na yaranka a littafinsu. Ka ga ainihin takardar da idonka, ba hotonta a WhatsApp ba. Kowane yaro ya kawo takardar CID, ko ɗan limamin unguwarku ne. Mai kulob ɗin kuma ya turo rabin kuɗi ta MoMo, asusun kuɗi na waya, kafin wani ya sa takalmi. In ya dafa kafaɗarka ya ce fuskarka ta ishe shi, ɗauki hularka. Miƙo mini butar nan, an kira la'asar.