Me zai hana DePaul ta ɗebi yaran Shikago ta huta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Shikago ne, yarona yana buga ƙwallon kwando a sakandare, dalilinsa na fara bin wasan jami'o'i. Abin da yake ɗaure min kai shine garin nan cike yake da yara masu wasa, amma jami'ar DePaul da ke cikin gari kusan kullum tana ƙasan tebur. Me zai hana kocinsu ya zaga makarantun gari ya ɗebi yaran gida ya gyara ƙungiyarsa? Ko akwai abin da ban gane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya mana yaron ya sa albarka. Tunaninka ba kuskure bane, domin ita kanta DePaul da haka ta yi suna. Zamanin koci Ray Meyer, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1942 har 1984, yaran gari ne suka ɗaga ta. Mark Aguirre daga sakandaren Westinghouse ya fito, a shekararsa ta farko 1979 suka kai matakin ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a gasar NCAA, wato babbar gasar ƙasa ta hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sai Indiana State ta Larry Bird ta cire su da ƙyar. Bayansa Terry Cummings ya zo daga Carver. A lokacin tashar WGN tana haska wasanninsu ko'ina a Amurka, kaga yaron Shikago ba shi da dalilin barin gida dan a san shi. Toh amma ko a wancan lokacin ba kowa ke zama ba, Isiah Thomas ɗan gari ne, Indiana ya tafi a 1979.

Yanzu kuwa tun 2004 rabon DePaul da gasar NCAA, an haura shekara 20 kenan, kuma a kakar 2023-24 wasa 3 kacal suka ci suka sha kashi 29, a rukunin Big East ko ɗaya basu ci ba cikin 20. Ka duba waɗanda suka fita daga garin a tsakanin nan. Derrick Rose daga Simeon ya tafi Memphis a 2007, Anthony Davis ya tafi Kentucky a 2011, Jabari Parker ya tafi Duke a 2013, Jahlil Okafor daga Whitney Young ya bi shi Duke a 2014. Ba wai kocin DePaul bai san da su ba ne, duk garin an san su tun suna ƙanana. Yaron ne yake da zaɓi, kuma mai taurari biyar, wato wanda masu jera 'yan wasan sakandare suka sa a sahun farko, lissafinsa ɗaya ne, shekara guda zai yi a jami'a ya shiga NBA, gasar ƙwararru, dan haka yana neman inda za a gan shi a talabijin a watan Maris lokacin gasar NCAA, inda kocin ya saba tura yara NBA, inda abokan wasansa za su sauƙaƙa masa. Ƙungiyar da ke fama ba ta da ko ɗaya daga ciki.

Sannan akwai abin da mutane basa so a faɗa, kusanci kansa matsala ne. Hausawa suka ce ido wa ka raina, wanda kake gani yau da gobe. Yaron da ke wata jiha hoton makaranta yake gani a takarda da bidiyon da aka tace masa, shi kuwa ɗan gari ya je ya ga kujeru babu mutane, ya ji ana yi wa ƙungiyar dariya a shagon aski, ya san wane ɗan unguwarsu ya je can ya ƙare a benci. Daga 1980 zuwa 2017 ma DePaul ba a cikin gari take buga wasannin gida ba, a Rosemont take bugawa can kusa da filin jirgin O'Hare, nesa da makarantar, nesa da unguwannin kudu da yamma inda yawancin yaran suke, sai 2017 suka dawo Wintrust Arena cikin gari. Wasu iyayen kuma da kansu suke so yaro ya yi nisa, saboda abokai da masu roƙon tikiti da 'yan uwa masu jiran ya fara samu, uwa ta fi kowa sanin wanda take so ɗanta ya rabu da shi. Wannan dalilin ina girmama shi ƙwarai, kuma koci mai hankali ba ya jayayya da shi.

To a ce ma an samu yaran. An taɓa samu ai. Pat Kennedy ya karɓi DePaul a 1997, kakarsa ta farko wasa 7 ya ci, a 1998 ya kamo Quentin Richardson daga Whitney Young da Bobby Simmons daga Simeon da Lance Williams daga Julian, gari ya ɗauka, a 2000 suka shiga gasar NCAA. Daga nan Richardson ya tafi NBA, Simmons ya bi shi a 2001, ƙungiya ta koma inda ta fito, 2002 Kennedy ya ajiye aiki. Aji ɗaya mai kyau yana sayo maka shekara biyu ne, in babu na biyu da na uku a bayansa shikenan.

Memphis ta gwada wata hanyar, a 2018 ta ɗauko Penny Hardaway wanda ɗan gari ne, tsohon tauraronsu, kuma yana horar da ƙungiyar sakandaren East da ƙungiyar AAU tasa ta wasan dogon hutu, wato yaran garin a hannunsa suka taso. Ya cika ɗakin wasa, a 2019 ya haɗa ajin da aka sa a lamba ɗaya a ƙasar da James Wiseman a ciki. Sai NCAA ta taso da maganar dala 11,500 da Hardaway ya ba iyalin yaron a 2017 dan su ƙaura daga Nashville zuwa Memphis, kuma tunda ya taɓa ba jami'ar gudummawar dala miliyan 1 ana lissafa shi cikin masu ɗaukar nauyinta. Wasa 3 Wiseman ya buga ya tafi. Sai 2022 Hardaway ya fara shiga gasar NCAA. Kaga dangantakar da ke kawo maka yaro ita ce kuma ke iya jefa ka hannun masu bincike, shi ya sa ma akwai doka a kan ɗaukar mutumin da ke da alaƙa da yaro aiki a ofishin ƙungiya, kada a sayi yaro ta hanyar ba kocinsa albashi.

Ni a ganina amsar tambayarka tana nan cikin garinku, a jami'ar Loyola. Porter Moser ya zo 2011, shi ma wasa 7 ya ci a kakar farko, kuma bai ɓata lokacinsa yana bin su Parker da Okafor ba dan ya san ba zai samu ba. Abin da ya fara samu shine Milton Doyle, ɗan sakandaren Marshall wanda ya tafi Kansas bai zauna ba ya dawo gida. Doyle ne ya sa yaran makarantun gwamnati na Shikago suka fara kallon Loyola a matsayin wurin zuwa. Bayansa Donte Ingram ya zo daga Simeon, ajin bayan Parker, yaron da idon manyan jami'o'i bai tsaya a kansa ba, sai Lucas Williamson daga Whitney Young, sai Cameron Krutwig daga Algonquin a bayan gari, ƙaton yaro mai nauyin jiki wanda ba ya tsalle amma yana raba ƙwallo kamar yana gani ta ƙeya. Ya haɗa su da waɗanda suka canzo makaranta irin su Clayton Custer daga Iowa State da Marques Townes. A 2018, kakarsa ta bakwai, suka kai huɗun ƙarshe suna lamba 11 a jadawalin yankinsu, kuma Ingram ne ya jefa ƙwallon da ta kori Miami ana busa tashi. Ka lura da abu biyu, yaran gida ne amma ba na sahun farko ba, kuma makarantar ta yi haƙuri da kocin shekara bakwai. Yawancin jami'o'i a shekara ta huɗu suke korar mutum, sabon ya zo ya fara gaisawa da kocin sakandare daga farko, su kuwa waɗannan kocin sun gaji da sabbin fuskoki.

Maganar Doyle ita nake so ka riƙe, domin yanzu ita ce rabin sana'ar. Yaron gida sau biyu ake nemansa. Na farko yana sakandare, nan galibi za ka rasa shi, na biyu bayan ya je babbar makaranta ya ga ba ya samun minti, ko kewar gida ta kama shi. Wanda zai kira a ranar shine kocin da ya yi masa fatan alheri lokacin da ya ƙi shi, ba wanda ya yi fushi ya daina ɗaga waya ba. Houston ta ci wannan ribar. Ita ma da yaran gari ta yi tashe a farkon shekarun 1980, Clyde Drexler daga Sterling, Michael Young daga Yates, Larry Micheaux daga Worthing, aka haɗa su da Hakeem Olajuwon da ya taso daga Legas, suka kai huɗun ƙarshe sau uku a jere 1982 zuwa 1984, daga nan kuma ba su sake cin wasa ko ɗaya a gasar NCAA ba sai 2018. Kelvin Sampson ya zo 2014 ya ci 13 ya faɗi 19, ya matsa aka gina wurin atisaye aka buɗe 2016, aka gyara ɗakin wasa ya zama Fertitta Center a 2018, ya samu Galen Robinson ɗan gari tun ana cikin wahala. Quentin Grimes ɗan The Woodlands mai taurari biyar ya tafi Kansas a 2018, shekara guda ya dawo Houston, shi ya ja su zuwa huɗun ƙarshe a 2021. Da ƙungiyar tana yadda Sampson ya same ta da bai dawo ba. Gyaran gida ne ya zo farko, babban yaro ya biyo baya.

Ana samun wanda ya saɓa wa wannan, ban musa ba. Ayo Dosunmu, ɗan asalin Najeriya daga sakandaren Morgan Park, ya shiga Illinois a 2018 lokacin tana cikin rauni, shekararsa ta farko wasa 12 suka ci, ya zauna shekara uku har suka ɗauki kofin rukuninsu na Big Ten a 2021. Irinsa akwai, yaron da yake so a ce shi ya tada ƙungiyar jiharsa, kuma dole koci ya gwada sa'arsa a kan irinsu. Amma ba a gina shiri a kan samun Dosunmu.

Shi aikin kansa ba zagayen rana ɗaya bane. A dokar NCAA koci ba ya kiran yaro kai tsaye sai 15 ga Yuni bayan ya gama aji biyu na sakandare, amma kafin nan an daɗe ana kallonsa, ana zuwa atisayen makarantarsu, ana gayyatar ƙungiyarsu sansanin horo a jami'a, ana ba kocinsu tikiti da kujera a wurin atisaye. Kuma a Shikago kocin sakandare shi kaɗai bai isa ba, akwai ƙungiyoyin AAU irin su Mac Irvin Fire da MeanStreets da yara ke bugawa lokacin dogon hutu, a gasannin da kamfanonin takalma ke ɗaukar nauyi irin EYBL ta Nike, can ne kocin Duke da Kentucky suke ganin yaronka a watan Yuli, dan haka babu wani ɓoyayyen tauraro kuma. Abin da ya rage wa na gida shine ya ga abin da mai zuwa kallon wasa uku ba zai gani ba. Wa ke tsaro ko an ci su da 20, wa ke zuwa atisayen asuba, wa ya ƙara tsayi a aji uku bayan masu jera suna sun gama rubutunsu, wa ke da makin karatu da zai wuce tantancewar NCAA. Kuskure mafi tsada shine ka ɗauki yaro dan a ce ka ɗauki ɗan gari alhali bai kai ba, ya zauna benci, kocinsa ya ji haushi, ƙofar makarantar ta rufe maka shekaru. Ɗan wata jiha in bai ji daɗi ba shiru zai tafi, ɗan gari kuwa duk unguwa sai ta ji.

Ga kuma sauyin zamani. An buɗe rajistar masu canza makaranta a 2018, daga 2021 ɗan wasa yana canzawa ya buga nan take, a Yulin 2021 aka halatta musu karɓar kuɗin talla da sunansu wato NIL, daga 2025 kuma jami'a da kanta tana iya raba wa 'yan wasanta kuɗi har kusan dala miliyan 20.5 a duk wasanni a kakar 2025-26. Kocin da ke tsoron kora ya fi son ɗan shekara 22 da ya buga wasa 90 a kan ɗan 18, shi ya sa Chris Holtmann da ya karɓi DePaul a 2024 kusan duk ƙungiyar daga masu canza makaranta ya haɗa ta, suka ci wasa 14 a kakarsa ta farko, Rick Pitino ma haka ya tada St. John's a New York. Ban ga laifinsu ba, wanda ya gaji ƙungiyar da ta ci wasa 3 ba shi da lokacin jira. Sai dai wannan ya buɗe wata ƙofa, domin yanzu yaran sakandare masu taurari uku da da manyan makarantu ke kwashewa suna rasa gurbi, kuma su ne daidai ƙungiya mai farfaɗowa. Haɗarin shine ka raine shi shekara biyu wani mai kuɗi ya ɗauke, kuma a nan ne zama ɗan gari ke da amfani na gaske, yaron da mahaifiyarsa ke zuwa kowane wasa, wanda 'yan kasuwar garin suka san fuskarsa suna ba shi talla, ya fi wuyar ɗagawa.

Da ni ke ba kocin shawara, cikin gurbi 15 da doka ta yarda a yanzu zan ce kowace shekara a ɗauki yaran yankin biyu da aka tabbatar za su buga, sauran a cike da gogaggu, a kuma ci gaba da zumunci da duk babban yaron da ya tafi. Kai kuma tunda naka yana kan hanya, duk kocin da ya zo muku da zancen ka zauna gida ka zama gwarzon gari, ka tambaye shi yaran gari nawa ya ɗauka a shekaru huɗun da suka wuce, minti nawa suka buga, nawa suka kammala digiri a wurinsa, sannan ka nemi iyayen ɗaya daga cikinsu ka ji daga bakinsu kafin yaron ya sa hannu.