Abin da ya sa Maryamu ta karkata a hauren giwa

Ɗana, hoton da ka nuna mini a wayarka jiya, kana tambaya ko kuskure masassaƙin ya yi har Maryamu ta karkata gefe guda, na kwana da shi a raina. Zauna ka ji.

Wannan mutum-mutumin Maryamu, uwar Yesu, da hauren giwa aka sassaƙa shi a Paris wajen 1260 zuwa 1270, aka ajiye shi a Sainte-Chapelle, majami'ar da Sarkin Faransa Louis na 9 ya gina. Yau yana gidan tarihi na Louvre. Tsayinsa santimita 41 ne, bai kai kamu guda ba.

Hauren giwa a lanƙwashe yake fitowa. Gindinsa kuma rami ne, sai ka doshi tsini sannan ka iske tsoka mai ƙarfi. Wanda ya ce sai ya fitar da mutum a miƙe sambal, to rabin hauren zai zubar a ƙasa, alhali kaya ne mai tsada da ya baro Afirka ya ƙetare teku kafin ya iso hannunsa. Sai mutumin nan ya bi lanƙwasar. Ya ɗora jariri Yesu a hannunta na hagu, ya turo kwankwasonta waje, kafaɗa ta koma baya. Dubi kowace uwa da ta saɓa yaro a kugu tana tsaye a ƙofar gida, haka za ka gan ta. Wallahi duk sanda na kalli ninkin mayafin nan, yadda ya tattaro shi zuwa kugu, da ɗan ruwan zinariyar da ya rage a bakinsa, sai jikina ya yi sanyi.

Masassaƙan wancan zamani ba su tsaya ga mutum-mutumi ba. Sukan yanka haure fale-fale, su haɗa biyu su riƙa buɗewa kamar littafi, a ciki su sassaƙa gicciyewar Yesu. Mai shi ya tafi da abinsa ko'ina, ya buɗe lokacin addu'a.

Mu dai ba ruwanmu da haure, tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Je ka ɗauko karkataccen reshen maɗacin nan da ka jefar bayan rumfa. Kada ka taɓa gizago tukuna. Juya shi a hannunka, ka nuna mini inda kwankwaso zai faɗa.