Amsa: Ba laburatari (ɗakin gwaje-gwajen kimiyya) a makarantarmu, bitar sayans tana da amfani?

Malam ka je wallahi, kar rashin laburatari ya hana ka. Mu ma nan ƙauyen Ringim haka muke fama. In bitar SUBEB (hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha) ce ko ta NTI (cibiyar horar da malamai ta ƙasa) da ke Kaduna, nemi wadda za a sa ku taɓa kaya da hannu, ba ta zaman jiran alawus ba. Gwada wannan tun yanzu, jiƙa zoɓo ka raba kofi biyu, matsa lemon tsami a ɗaya zai ƙara ja, zuba ruwan kanwa a ɗayan sai ka ga ya rikiɗe ya yi duhu-duhu kamar kore, to ka koyar da asid (sinadari mai tsami irin na lemon) da alkali (kishiyarsa, irin kanwa) kenan, kuma yaran su za su zuba ba kai ba. Sai dai ka fara gwadawa a gida kafin ka shiga aji.