Dalilin da ya sa ba mu tayar da diron a bikin nan ba

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa na mayar wa dangin ango kuɗin ɗaukar hoto daga sama, alhali jirginmu mara matuƙi, wato diron, bai kai kilo ɗaya ba, kuma a ganinka ko da akwai haɗari, ai jami'an tsaro suna da na'urar da za ta sauke shi.

Gidan bikin yana ƙarƙashin hanyar da jirage ke bi idan za su sauka a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Wannan fili ba a bayan gari yake ba kamar na Abuja, domin gari ya cim masa ya kewaye shi, kuma sojojin sama ma suna amfani da shi. Duk wanda ya yi wayo a watan Mayu na 2002, lokacin da jirgin fasinja ya faɗa Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, ya san irin halin da unguwannin da ke ƙarƙashin hanyar jirgi suke ciki.

Rashin nauyin da kake magana a kai ba hujja ba ce. Ɗauki batirin nan ka matsa shi a tafin hannunka, sannan ka taɓa injinan da ke juya farfelar. Tsuntsu ma, da yake nama ne da ƙashi mai taushi, yana lalata injin jirgi, balle dunƙulen ƙarfe da batirin da ke iya kamawa da wuta. Ga shi matuƙin jirgin fasinja ba zai hango diron a kan lokaci ba, na'urar hangen jirage da hasumiyar filin jirgi ke aiki da ita kuma ba don abu ƙarami irin wannan aka ƙera ta ba. A watan Disamba na 2018, rahoton ganin diron kaɗai ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick a Ingila, abin ya shafi tashi da saukar jirage kusan 1,000 da fasinjoji kimanin 140,000.

Batun na'urar sauke shi kuwa, gara ka fahimci yadda take aiki. Tana watsa siginar da ke danne maganar da ke tsakanin rimot da diron, wani lokaci har da siginar tauraron ɗan'adam da yake gane wurinsa da ita. Idan an yi sa'a ya juya ya koma inda ya tashi, idan ba a yi ba ya sauka inda yake, wanda a wurin biki kan jama'a ke nan. Kuma na'urar ba ta zaɓe, tana iya rikita wasu na'urorin da ke kusa, shi ya sa a gefen filin jirgi ba a kunna ta da wasa, kuma ba kayan farar hula ba ce. Akwai ma diron da ba ta tasiri a kansu sam, irin waɗanda ake sarrafawa da siririn zaren gilashi a yaƙin Yukren. Tun da 'yan ta'adda suka fara kai hari da diron a Borno, sojan da ya ga abu yana shawagi a kansa ba zai tsaya tambayar ko na mai hoton amarya ne ba, ni kuwa ban ga laifinsa ba.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ita ke yi wa diron rajista tana ba mai aikin kuɗi da shi izini, ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kuma shi ke tantance shigo da shi. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada ya wuce tsayin ƙafa 400, kada ya ɓace wa idonka, kada ya ratsa kan taro. Kada ka dogara da taswirar da ke cikin manhajar diron, domin gargaɗinta ba takardar izini ba ce.

Ranar Asabar ka ɗauko doguwar sandar kyamara, ka je da wuri ka nemi izinin maƙwabcin da ke da bene, daga can za mu ɗauki shigowar amarya.