Tsofaffin ƙarafa da ruwan sha a Arlit: ina haɗarin yake?

Tambaya: Ni magidanci ne a Akokan, kusa da Arlit. Na sayi tsofaffin bututai a kasuwa na kafa rumfa, sai wani ya ce mai yiwuwa daga mahaƙar yuraniyom suka fito. In cire su? Kuma tafasa ruwan rijiya yana kashe gubar?

Amsa: Malam, tambayarka tana kan hanya. Haɗarin garinku ba na fashewa ba ne irin na Hiroshima. Abin tsoro shi ne abin da ke shiga jiki kaɗan-kaɗan ta hanci da baki, shekara da shekaru, ba wari ba ɗanɗano.

Tun 1971 kamfanin SOMAIR ke haƙa a Arlit, COMINAK kuma ta yi aiki a ƙarƙashin ƙasa daga 1978 har aka rufe ta a Maris na 2021. Idan an niƙe dutsen, ana jiƙa shi da asid irin na ruwan batir a tsame yuraniyom. Sauran dusar da aka zubar ita ce matsalar, domin kusan kashi 85 cikin 100 na tururin nukiliyar dutsen yana nan cikinta. COMINAK kaɗai ta bar kimanin tan miliyan 20. A cikin dusar akwai radiyom, wani ƙarfe mai fitar da tururin nukiliya, wanda sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare, kuma shi ke fitar da iskar radon dare da rana.

Batun bututanka, ba kowane ƙarfe ne ke da guba ba, kuma ido ba ya bambancewa. Wanda ruwan sarrafa dutse ya bi ta cikinsa yakan tara wani ɓawo mai tauri a bangon ciki, a nan radiyom ke maƙalewa. Cibiyar CRIIRAD ta Faransa mai binciken tururin nukiliya, tare da ƙungiyar Aghir in'Man ta Arlit, ta tarar da irin waɗannan ƙarafa a kasuwar garin tun 2003. Saboda haka kafin a auna, kada ka kankare ɓawon, kada ka yanka bututun da injin gurza, kada ka kai wa mai walda ko maƙeri. Ƙurar da za ta tashi ta fi zaman bututun a tsaye illa nesa ba kusa ba, domin in ta sauka a huhu babu fatar da za ta tare ta. Kada ruwan sha ya bi ta ciki. Ka ɗauke shimfiɗar yara daga ƙarƙashin rumfar, tunda tazara tana rage tururin sosai: in ka ninka nisanka daga ƙaramin abu mai tururi sau biyu, abin da ke isowa gare ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Awon kansa minti kaɗan ne da na'urar Geiger mai auna tururin nukiliya. A fara auna fili nesa da ƙarfen, sannan a ɗora ta a jikinsa, musamman bakin bututun. In ta nuna ninki da yawa, a sanar da hukuma ta kwashe. Kada ka sayar wa wani, kada ka binne a tsakar gida.

Tafasa ruwa kuwa, a'a. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma yuraniyom ƙarfe ne narkakke. Ruwa ya tafi a tururi, shi ya zauna, har ma ya ƙara kauri a tukunyar. Tacewa da ƙyalle ko zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta duk ba sa taɓa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikrogiram 30 na yuraniyom a kowace lita (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma ƙoda ce ke fara jin jiki. Na'urar Geiger ba ta isa ta wanke rijiya daga zargi ba, sai an kai ruwan ɗakin gwaji. In ya haura iyaka, a sauya wurin ɗiba, ko a sa matatar da ke matsa ruwa ta cikin siririyar fata.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, mu kuma ya fi damun mu, wato radon a cikin ɗaki. Bayan taba sigari, ita ce kan gaba wajen haddasa sankarar huhu, mai shan taba kuma haɗarinsa ya ninka. Tana taruwa a ɗakin da aka toshe, musamman in an yi ciko ko daɓe da tsakuwar mahaƙa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ita ce bekerel (ma'aunin tururin nukiliya) 100 a kowace kubik mita ta iska, wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi, kada a wuce 300. Ana auna ta da ɗan ƙaramin gwangwani da ake ajiyewa a ɗakin kwana wata uku. Kafin nan, a bar taga biyu masu fuskantar juna a buɗe, a toshe tsagar daɓe da siminti, a yayyafa ruwa kafin shara a lokacin hunturu, a rufe abinci da randa. Ƙwayar ayodin da ake rabawa bayan haɗarin tashar nukiliya ba ta da amfani a nan, kada ka kashe kuɗinka a kanta.