Filtar man inji: amsoshin tambayoyin masu motoci

Tambayoyi huɗu daga cikin waɗanda suka iso mana a wannan mako duk a kan filtar baƙin mai suke, saboda haka muka haɗa su wuri guda.

Tambaya ta farko daga wani ɗan kasuwar hatsi ce a ƙaramar hukumar Taura. Ya ce: "Ina cin kasuwannin Gujungu da Maigatari da Hilux mai injin dizal da turbo. Duk ranar juye yaron gareji yakan kawo mini filta iri biyu, ɗaya ta ninka ɗaya kuɗi, bakanikena kuma yana cewa filta filta ce, tunda duk suna ɗauruwa. Shin akwai dalilin biyan mai tsadar?"

Alhaji, a ido bakanikenka yana da gaskiya, domin gwangwani ne mai fenti da zare a baki, amma abin da kake biya wa kuɗi yana ciki, inda ba a gani sai an yanka. Abu na farko shi ne takardar tacewa, wadda aka ninke kamar mafici don ta sami faɗi a ƙaramin wuri. Ana auna dattin da take kamawa da maikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum yana da kaurin maikron 70 ko kusa da haka, alhali ƙwayoyin da suka fi cin inji ba su wuce maikron 10 zuwa 20 ba, domin su ne ke iya kutsawa tsakanin kiranshaf da metal ɗin da yake juyawa a kai, inda tazarar ba ta kai kaurin gashi ba, su yi ta goga har mota ta fara shan mai. Filta mai arha takan zo da takarda kaɗan, ninkinta a warwatse, gam ɗin da ya riƙe ta kuma ba ya jure zafi. Mai kyau takan haɗa takarda da zaren gilashi ko na roba masu siranta ƙwarai, waɗanda ke kama ƙaramin datti ba tare da sun shaƙe hanyar mai ba, shi ya sa za ka ga wasu kamfanoni sun rubuta a kwali cewa filtarsu tana kama kashi 99 cikin 100 na datti mai girman maikron 20.

Abu na biyu, wanda ya fi shafar injinka, wata 'yar ƙofa ce mai sifirin a ƙasan gwangwanin. Idan takardar ta toshe, ko mai ya yi kauri saboda sanyi, wannan ƙofa takan buɗe mai ya kewaye takardar ya wuce, domin gara inji ya sha mai mai datti da ya yi gudu a bushe ya buga. Kowane inji yana da ƙarfin da aka tsara ƙofar za ta buɗe a kai. Injinan zamani masu ƙarfi suna tura mai da yawa cikin sauri, saboda haka idan sifirin ya yi laushi ƙofar za ta riƙa buɗewa duk lokacin da ka taka totur, sai ya zama kana da filta a jikin mota amma mai yana bin bayanta. Wannan ne ya sa kamfanin General Motors na Amurka ya ɗaga ma'aunin a sababbin injinansa daga psi 15 zuwa psi 22 (ma'aunin nan da mai faci yake auna iskar taya da shi), ya kuma gargaɗi bakanikai kada su sa tsohuwar filta a sabon inji ko da ta ɗauru daidai. Kai kuwa motarka tana da turbo, wanda sandarsa ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ba abin da ke riƙe da ita sai siririn shimfiɗin mai, ga kuma injin dizal da ke zuba baƙin toka a cikin man tun ranar da aka yi juye.

Har zaren bakin ma yana ruɗi. Akwai na inci uku bisa huɗu, akwai na milimita 20, kuma sun yi kusa da juna har ta milimita 20 takan hau bakin da ba nata ba, ta riƙe na ɗan lokaci, sannan ta saki a hanya.

Shawarata ita ce ka sayi mai kyaun, amma kada tsada kaɗai ta zama shaidarka, domin mai jabu ya san cewa kwali mai ƙyalli da farashi mai nauyi su ne ke kwantar da hankalin mai saye. Ka nemi lambar filtar da aka rubuta wa injinka, ka riƙe dila guda amintacce, ko a Ƙofar Ruwa ne ko a Dutse, wanda za ka iya komawa wurinsa da ƙorafi. Idan kuma kana son kawo ƙarshen gardama da bakanikenka cikin mutunci, a juye na gaba ka sa a yanka tsohuwar filta mai arha da mai tsada da zarto a gabanku, ku ƙirga ninkin takardar, ku danna sifirin da yatsa. Gani ya kori ji.

Tambaya ta biyu daga wani malamin makaranta ce a Ɗambatta, wanda ya sayi Camry mai silinda shida 'yar Kwatano. Ya ce da aka zo juye sai ya ga filtar takarda ce tsirara babu gwangwani, bakanike kuma ya wanke ta da fetur ya mayar, yana cewa irin wannan ba a canza ta. Yana tambaya ko haka ne, da kuma dalilin sauya fasalin.

Malam, ba haka ba ne, kuma ina roƙonka ka koma a cire ta tun kafin mako ya zagayo. Fetur yana wanke baƙin da ke saman takardar ne kawai, dattin da ya nutse cikin zarenta yana nan, sannan wankin da gogar suna raunana takardar da gam ɗinta, ta yadda za ta iya yagewa ta saki abin da ta tara gaba ɗaya cikin inji. Injinka yana da tsarin VVT-i, wanda ke amfani da ƙarfin mai wajen sauya lokacin buɗewar bawul, kuma man yana bi ta ƙananan hanyoyi da 'yar raga mai laushi, waɗanda ɗan datti ya isa ya toshe su.

Wannan fasali kuwa ba sabo ba ne, komawa aka yi. Filtar mota ta farko da aka sani, Purolator, ta fito a 1923, kuma shekaru da yawa bayan haka takardar ciki kawai ake canzawa a bar gidanta a jikin inji. A shekarun 1950 ne aka kawo ta gwangwani da ake murɗawa a jefar, domin sauƙin aiki. Daga baya Toyota da Mercedes da BMW da Volkswagen sun koma ga ta takarda a injina da yawa, saboda ba a zubar da ƙarfe da ragowar mai a kowane juye, kuma mai saye yana ganin abin da ya saya da idonsa. Wannan na ƙarshe alheri ne babba a kasuwa irin tamu.

Sai dai tana da ladubbanta. Sabuwar filta takan zo da zoben roba a cikin kwalin, kuma dole ne a canza shi, a shafa masa mai kafin a ɗaura. Murfin, wanda sau da yawa na roba ne, yana da sifanarsa ta musamman, ba a bugunsa da guduma da kurfi, kuma ba a ɗaure shi kamar notin taya. A motoci da yawa an rubuta 25 Nm a jikinsa, wato ma'aunin ƙarfin da za a ɗaure shi da shi. Akwai kuma wani bututu mai huda-huda a tsakiyar murfin da ke tallafe takardar, wanda wani lokaci yakan fita tare da tsohuwar filta a jefar da shi ba a lura ba, sabuwar kuma ta lotse ciki da zarar mai ya matsa ta. Ka tsaya a kan motarka ranar juye, wannan ba rashin yarda ba ne.

Tambaya ta uku daga wani direban Sharon ce da ke jigila tsakanin Haɗeja da Kano, ya ce tun da aka sa masa sabuwar filta, idan ya tayar da mota da asuba sai inji ya yi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, fitilar mai ta daɗe ba ta mutu ba, bayan 'yan daƙiƙu kuma komai ya lafa.

Ɗan'uwa, tunda ƙarar ta fara ne daga ranar da aka canza filta, ita ce abin tuhuma na farko. Idan ka leƙa ƙananan ramukan da ke kewaye da bakin filtar gwangwani za ka ga wata roba a bayansu, aikinta shi ne hana mai zurarewa ya koma ƙasa idan an kashe mota. Idan robar ba ta rufe da kyau, filta takan kwana babu mai, da safe kuma sai famfo ya cika ta tukuna kafin mai ya hau sama, kuma a cikin waɗannan daƙiƙu ƙarfe ne ke gogar ƙarfe. Baƙar roba ta gama-gari takan ƙandare idan ta sha zafi, ta silikon kuwa, wadda galibi ja ce ko ruwan goro, ta fi daɗewa da laushinta. Da sanyin hunturu abin ya fi fitowa fili. Ka canza filtar yanzu, kada ka jira lokacin juye, kuma a tabbata tsohon zoben robar da ke bakin filtar bai maƙale a jikin inji ba, domin roba biyu a kan juna suna iya fashewa su zubar da man duka a hanya. A ɗaure da hannu, kashi uku cikin huɗu na zagaye bayan robar ta taɓa. Idan ƙarar ta ci gaba bayan haka, to a auna ƙarfin famfon mai da geji, kuma kada ka ɗauki fasinja kafin a auna.

Ta ƙarshe daga wata ma'aikaciyar lafiya ce a Rano, wadda ta ga an rubuta kilomita 15,000 a kwalin filtar da ta saya, tana tambaya ko za ta iya kai wannan nisa kafin juye.

Hajiya, an yi wannan lissafi ne da kwalta mai tsabta da baƙin mai na haɗin zamani (synthetic) mai inganci a zuciya. Mai bin hanyar burji cikin ƙura da zafin bazara yana cikin abin da littattafan motoci ke kira aiki mai tsanani, kuma a nan kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, shi ne abin da nake ba da shawara, a canza mai da filta tare. Ki sa a duba filtar iska a kowane juye, domin yawancin ƙurar da filtar mai ke fama da ita ta can ta shigo, kuma idan an same ta a huje ko bakinta bai zauna daidai ba, a canza ta a ranar.